Kwatar Ƙofar Gidanmu

Litinin, 4 ga Agusta, bayan la'asar

Yau na koma aiki. Tun haɗarin da maigidana ya yi a hanyar Kurfi ban taka ofis ba. Kowa ya yi mini jaje, kowa kuma a wuri ɗaya yake tsayawa: "Ya jikin Malam?" Na ce da sauƙi. Haka nake ce wa kowa, har bakina ya saba.

Na tarar an sa sunana a sabon kwamitin tsara gari. Aikinsa ya duba magudanan ruwa, bakin kasuwa, tasha da ƙofofin ma'aikatu a nan Dutsin-Ma da Kurfi, don masu buƙata ta musamman su riƙa shiga da fita ba sai an ɗauke su ba. Ni ce sakatariya, ni ce kuma mai zana taswira, tunda dama aikina ke nan. Injiniya Dennis, wanda teburinsa ke kallon nawa, shi ya miƙo mini takardar, bai yarda mun haɗa ido ba.

Ya ce, "Madam Murja, in zai yi miki nauyi a wannan lokacin, sai in yi wa Alhaji Tukur magana."

Alhaji Tukur ne shugaban kwamitin. Na ce ya bari, zan iya.

Ko da gangan aka sa ni, ban sani ba. Ban tambaya ba.

Na dawo na sami Malam yadda na bar shi, fuska ga bango. Tuwon da na ajiye masa har ya yi fata.

Laraba, 6 ga Agusta, da hantsi

Na tattara takalmansa na hagu na ɗora kan sif. Na rasa inda zan kai su. Zubarwa ba ta yiwu mini, wari ɗaya kuma ba mai karɓa. Inna, mahaifiyarsa, ta shigo ta gan ni bisa kujera ina jera su. Ta juya ta koma madafa.

Sandunan da aka ba shi a asibiti suna jingine bayan ƙofa. Bai taɓa su ba. Ruwan alwala ma a ɗaki nake kai masa.

Juma'a, 8 ga Agusta, bayan sallar Juma'a

Ya ji kiran salla. Ya ja mayafi ya rufe kansa. Bai fito ba.

Litinin, 11 ga Agusta, da yamma

Zaman kwamiti na farko. Ban yi zaton zan yi dariya yau ba, amma na yi.

An shirya taron a ɗakin da ke saman bene, an jera kujeru da ruwan leda. Muna zaune masinja ya hau ya ce akwai wata Hajiya a ƙasa, ta ce a sauko. Alhaji Tukur ya ce a samu samari su ɗauko ta da kekenta. Masinja ya tafi, ya dawo yana sosa ƙeya. Ni aka tura.

Hajiya Larai ce, shugabar ƙungiyar naƙasassu ta Kurfi. Ta manyanta, fuskarta faffaɗa, tana zaune cikin keken guragu irin mai tuƙin hannu, da kwandon robobin man gyaɗa a baya, don sana'arta ke nan. Na durƙusa na gaishe ta na faɗi saƙon.

Ta ce, "Ɗiyata, ki koma ki ce masu ba ni hawa. Ni ba buhun gero ba ce. Kun kira mu taron yadda za mu riƙa shiga wuri, kun aza taron inda ba mu iya shiga. Mi ke nan?"

Na hau na faɗa yadda ta faɗa, ban rage komai ba. Sai Alhaji Tukur ya cire hula ya shafa kansa ya ce, "Ta kama mu." Shi ya fara ɗaukar kujerarsa. A gindin itacen bedi aka yi taron.

Akwai Malam Abdullatif, makaho ne, yana koyar da karatu a garin Shema. Ya naɗe wandonsa ya nuna mana ƙwaurinsa, duk tabo. Ya ce kowane tabo da sunan kwatarsa, ya fara lissafo su har mutane suka fashe da dariya. Shi bai yi ba. Wani tela kurma ya bayyana da hannu, ƙanwarsa tana fassarawa, cewa a asibitin sha-ka-tafi da baki ake kiran suna, sai ya wuni a benci an daɗe da wuce shi.

Da Injiniya Dennis ya shimfiɗa taswirata, Hajiya Larai ta ɗora yatsa a kan tasha ta ce, "To na sauka mota nan. Ina zan bi in kai kasuwa?" Ta ja yatsan. Duk inda ta nufa sai ta ci karo da shuɗin layi, wato kwata a buɗe. Ta ɗaga yatsan ta dube ni.

Ɗaya daga cikin layukan ta ƙofar gidanmu ya bi. Da aka gina kwatar bara murna muka yi, ruwa ya daina shiga zaure. Malam har tsalle yake ya ƙetare ta in ya makara.

Talata, 12 ga Agusta, da safe

Na ba shi labarin buhun gero. Bai juyo ba, amma na ga kafaɗarsa ta motsa.

Alhamis, 14 ga Agusta, bayan magariba

Shugaban makarantarsu ya zo daga Kurfi dubiya. Malam ya ce a ce yana barci. A zaure na same shi muka gaisa. Mutumin kirki ne, ya daɗe yana addu'a. Daga nan ya sassauta murya ya ce azuzuwan manya a kan tudu suke, matakalarsu da tsayi, ko zai fi wa Malam sauƙi idan an dawo daga hutu a ba shi tebur a ofis ya riƙa duba rajista. Ya ce shawara ce kawai.

Tagar ɗakin Malam a jikin zauren take.

Da na shiga ya ce, "Sun gama da ni ke nan." Tun da muka dawo daga asibiti bai yi magana mai tsawon wannan ba. Mutumin da ya kwashe shekaru yana koyar da lissafi, wanda ake jin muryarsa tun daga bakin ƙofar makaranta.

Na fita na wanke kwanukan da na riga na wanke.

Asabar, 16 ga Agusta, ana ruwa tun asuba

Ya kira ni ya ce yatsun ƙafarsa ta hagu na ƙaiƙayi, in sosa masa. Na kai hannu ba tunani. Hannuna ya sauka kan zanin gado.

Na janye hannuna.

Ba zan ƙara rubuta komai ba yau.

Litinin, 18 ga Agusta, bayan la'asar

Zama na biyu, an yi ta ja-in-ja. Alhaji Tukur ya ce simintin da aka ware ba zai isa komai da komai ba, sai an zaɓa. Wasu na son a fara da gangaren hawan keke a ƙofar manyan ofisoshi, inda baƙi ke gani. Malam Abdullatif ya ce, "Ranka ya daɗe, sau nawa nake zuwa ofis? Kasuwa da masallaci kuwa kullum ne. Ku rufe mana kwata." Wakilin 'yan kasuwa ya ce in an ce a buɗe hanya a bakin kasuwa, teburan mutanensa za a tayar, ba za su yarda ba.

Da aka rasa mafita, Injiniya Dennis ya ce a daina gardama kan takarda. A fita ranar Talata ta sama, a bi su Hajiya tun daga tasha har kasuwa, kowa ya gani da idonsa. Aka amince.

Ina naɗe taswira Hajiya Larai ta turo kekenta kusa da ni.

"Ke ce matar Malam Naziru mai lissafi?"

Na ce ni ce.

"Ya koyar da autana. Ya fito?"

Na ce da sauƙi.

"Ba sauƙi na tambaye ki ba. Na ce ya fito?"

Ban san lokacin da na durƙusa na kifa kaina a hannun kekenta ba. Ban yi kuka a asibiti ba, ban yi a gaban Inna ba, sai a gaban matar da na sani mako guda. Ta bar ni har na gama. Sannan ta ce in kwatanta mata gidan.

Laraba, 20 ga Agusta, da yamma

Ta zo.

Ina tankaɗe na ji ana kwaɗa sallama daga titi. Na leƙa, ga Hajiya Larai a wancan gefen kwata, gumi na zubo mata. Inna ta fito da mayafi ta ce, "Hajiya, bari a kira maƙwabta su ƙetaro da ke." Ta ce Allah ya kiyaye.

Sai ta ɗaga murya, irin ta mai talla.

"Malam Naziru! Na zo dubiya tun daga Kurfi, kwatarku ta hana ni shiga. Ko ka fito ka amshi gaisuwa, ko in zauna nan har magariba in tara maka unguwa!"

Shiru. Matan maƙwabta suka fara leƙowa. Na roƙe ta a hankali ta bari, kar abin ya ƙara ɓaci. Ta zaro carbi ta gyara zama. Bayan ɗan lokaci ta sake kira. Ta kuma sakewa.

Sai na ji ƙarar ƙarfe a siminti. Ƙwas. Shiru. Ƙwas. Inna ta damƙe hannuna har ya yi zafi. Ban juya ba, tsoro nake in na juya ya koma.

Ya tsaya a bakin zaure, ya jingina da bango. Rana ta sa ya runtse ido. Ya rame fiye da yadda nake gani a ɗaki.

Ya ce, "Hajiya, sannu da zuwa. Kin tara mini mutane."

Ta ƙare masa kallo daga sama har ƙasa, har inda na naɗe wandon na soke da fil. Ba ta kau da ido ba yadda kowa ke yi.

Ta ce, "Ashe ma ka fi ni da ƙafa ɗaya, kuma kake kwance."

Na ɗauka zai fusata. Ya buɗe baki, ya rufe. Sai ya yi dariya, ƙarama, amma tasa ce.

Sun yi hira kwata na tsakaninsu. Ta gaya masa yadda ake sa tsumma a hammata kafin fata ta saba da sanda. Ta ce watan farko ya fi kowane wuya, kuma ƙarya ne wanda ya ce masa zai manta. Da za ta tafi ta miƙo wa Inna robar man gyaɗa ta ce, "Talata muna zagaye. Ina son namiji mai murya."

Juma'a, 22 ga Agusta, da azahar

Ya zame a tsakar gida, ƙasa da danshi. Na ruga zan ɗaga shi ya daka mini tsawa, abin da bai taɓa yi ba. Da jan jiki ya koma ɗaki. Sandunan suna nan inda suka faɗi.

Bai ci ba. Bai fito ba.

Asabar, 23 ga Agusta

Bai fito ba.

Lahadi, 24 ga Agusta, bayan la'asar

Na shimfiɗa taswira a tabarma a ƙofar ɗakinsa ina gyara, don nan ne inuwa. Gaskiya ba don inuwa kaɗai ba ne.

Can na ji ya ce, "Wannan gangaren da kika zana, na ina ne?"

Na ce na asibitin sha-ka-tafi.

"Miƙo." Ya daɗe yana dubawa. "Murja, wannan ba mai hawansa sai akuya. In an yi ruwa fa?"

Na ce filin ne ba shi da yawa. Ya ce a lanƙwasa shi mana, a yi wurin hutawa a tsakiya. Na ce ni sakatariya ce, ba na yanke hukunci, in yana da magana ya zo ya faɗa da bakinsa.

Ya harare ni. Sannan ya ce, "Shekaranjiya ban kyauta ba."

Na ce ya wuce. Ya ce in ɗauko masa sandunan.

Talata, 26 ga Agusta, da magariba

Ƙafafuna ciwo suke, amma sai na rubuta.

Da sassafe Injiniya Dennis ya zo da motarsa da wani faffaɗan katako, ya ɗora kan kwatarmu, bai ce komai ba sai "Ina kwana, Malam." Malam ya sa farar shaddarsa. Inna ta bi shi da addu'a har mota.

A tasha muka haɗu. Hajiya Larai ta zo da keke na biyu, ta ce na Alhaji Tukur ne. Ya yi dariya ya ce wasa take. Ta ce ba ta wasa da safe. Ya tattare babbar rigarsa ya zauna.

Bai yi nisa ba tayar gaba ta faɗa rami. Ya ja, ya tura, gumi ya jiƙa masa hula. Direbansa ya matso, Hajiya ta ce, "Bar shi. Ni wa ke turo ni?" A bakin kasuwa ya maƙale sosai, tsakanin teburin mai tumatir da bakin kwata, taya ɗaya na reto. Nan dariyar mutane ta tsaya, don kowa ya ga saura kaɗan.

Mai tumatirin, Lawal sunansa, ya ja teburinsa baya, amma ya ce, "Alhaji, na ja yau. In na koma ciki kullum, wa zai gan ni? Ni ma da iyali." Ba wanda ya ce ƙarya yake. Sai Malam ya yi magana, da muryar nan ta aji, har na waiga. Ya ce in an rufe kwatar da murfin siminti, ai samanta ya zama hanya, teburan ba sai sun koma ciki ba, taku ɗaya kawai za su ja. Lawal ya auna wurin da ƙafa ya ce in dai taku ɗaya ne, kuma kowa zai ja ba shi kaɗai ba, ya yarda.

Mutane sun kalli Malam. Wasu sun kalli wandon kafin fuskar. Wata mata ta yi salati da ƙarfi. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi, amma bai tsaya ba. A rumfar mai shayi ƙarfinsa ya ƙare, ya zauna. Malam Abdullatif ya lalubo benci ya zauna kusa da shi ya ce, "Suna kallonka, ko?" Malam ya ce eh. Ya ce, "Ni ma an ce suna kallona. Ban taɓa kama su ba."

Alhaji Tukur bai koma ofis ba. A rumfar ya yanke: murfin kwata daga tasha zuwa kasuwa a garuruwan biyu, gangare a asibitin sha-ka-tafi tare da allon nuna lamba saboda kurame, da gangare a makarantu biyu, ɗaya ta Kurfi. Ƙofar ofisoshi ta jira. Taron kwamiti kuma daga yau a ƙasa.

Malam ya yi barci a mota kafin mu iso gida.

Alhamis, 28 ga Agusta, da rana

Ba duka aka samu ba. Ƙauyukan Kuki da Tamawa sai baɗi, in Allah ya kai mu. Hajiya Larai ta ce guragun ƙauye ba mutane ba ne ke nan, ta juya kekenta ta tafi ba sallama. Tana da gaskiya. Alhaji Tukur ma yana da tasa. Na rubuta duka biyun a rahoto.

Layinmu ba ya cikin kashin farko. Injiniya Dennis ya ce ana iya dubawa. Na ce a'a, katako ya ishe mu tukuna.

Laraba, 3 ga Satumba, bayan la'asar

Mun je Kurfi ganin gangaren makaranta. Karon farko ke nan da ya bi hanyar.

Gero ya yi tsayi a gefen titi, komai kore shar. Da muka kusa wurin, Injiniya Dennis ya kashe rediyo. Malam ya riƙe kujerar gaba. Na ji numfashinsa. Na kalli gonaki ina karanta duk abin da ya zo bakina. Muka wuce. Can gaba ya saki kujerar ya ce a kunna rediyon.

Gangaren ya yi kyau a ido, magina sun shafe shi sumul. Malam ya ɗora sanda ɗaya ya ce a kawo ruwa a buta. Ya zuba, ya sake ɗorawa, sandar ta zame. Daga nan shi da Injiniya Dennis suka hau musu, wannan na cewa a karce shi da tsintsiya, wancan na cewa ya riga ya bushe sai an sake zubi. Har magina suka ajiye cebur suna kallo. Shugaban makaranta ya fito daga ofis, ya tsaya yana sauraron muryar. Bai sake zancen rajista ba.

Za a sake zubin. Hajiya Larai ta aiko mana da fura, alamar ta huce.

Lahadi, 14 ga Satumba, da yamma

Gobe ake komawa makaranta. Na ce zan ɗauki hutu in raka shi. Ya ce a'a, motar malamai za ta biyo. Na goge masa kaya har sau biyu.

Litinin, 15 ga Satumba, da hantsi

Ya tafi. Ina ofis, ban zana layi ko ɗaya ba.

Litinin, bayan magariba

Ya dawo da alli a hannun riga, murya a dishe. Ya zauna kan tabarma ya fara mita, wai hutu ya wanke kan yaran tas. Inna tana ta murmushi tana zuba masa miya.

Can ya ajiye cokali ya ce, "Yau an kawo wata yarinya."

Na ce wace?

"Surayya. Daga wajen Tamawa. Shan inna ya taɓa ta tun tana ƙarama. Ta gama aji uku ta zauna gida, saboda matakalar nan. Babanta ya ji labarin gangaren a kasuwa, ya goyo ta a babur." Ya dube ni. "Ba wanda ya san da ita, Murja. Ni ma na sha wuce ƙauyensu."

Na tambaya ko ta iya hawa. Ya ce ta hau da kanta, har ta riga shi. Amma ƙofar bayan gidan 'yan mata ta yi mata ƙunci, ta wuni ba ta sha ruwa ba don tsoro.

"Ki faɗa wa Dennis."

Na ce akwai zama ranar Alhamis, zan kawo maganar.

Ya ɗauki cokalinsa. "Ranar Alhamis ba ni da darasi bayan azahar. Ki sa mini kujera."